Ciwon Ido Sai Haƙuri? A'a, Sai Asibiti

Ina da wata goggo a Kajiji, cikin Ƙaramar Hukumar Shagari, wadda tun ina yaro na san ta da abu biyu: allurar ɗinkin hula a hannunta, da 'yar matsefata rataye a wuyanta da baƙin zare. Bayan kowane 'yan kwanaki takan kira ɗaya daga cikin jikokinta, ta zauna a bakin ƙofa inda haske yake, ta ɗaga kai, yarinyar ta ciccire mata gashin idon da ya juya ciki yana sukarta. Mu yara muna ɗaukar abin wani ɓangare ne na tsufa, kamar furfura ko ciwon gwiwa. Manya ma haka suka ɗauke shi. In aka yi mata zancen asibiti sai ta ce, “Wanga ciwo ba na asibiti ba na, ɗana. Inna ma da shi ta tsuhwa.” Daga nan sai wani ya rufe zancen da maganar da kowa ya haddace: ciwon ido sai haƙuri.

Ta yi haƙurin kusan shekara goma sha biyar. Hular da take gamawa cikin kwana goma ta koma tana cin wata guda, zaren yana karkacewa, masu kawo ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun faɗa mata dalili ba. Duk ranar kasuwa akan sayo mata ƙaramar kwalbar maganin ɗigo, idon ya yi fari kwana biyu, ya koma gidan jiya. Ni da nake wannan rubutu na sayo mata irin kwalbar da kuɗina har sau biyu, ina ganin na yi zumunci. Ranar da a ƙarshe aka ɗauke ta a mota, aka bi ta Shagari da Bodinga aka shiga Sakkwato, wanda ya duba ta bai daɗe ba ya faɗa mana gaskiya: idon hagu hakiya ta rufe shi, ba abin da za a iya yi masa a nan. Na dama aka yi wa aikin fatar ido, aikin da bai kai rabin sa'a ba. Da wannan ido guda take ganin jikokinta yau. Ɗinkin hula kuwa ta bar shi har abada.

Saboda haka ba daga nesa nake magana ba, kuma ban cire kaina daga masu laifi ba. Abin da nake son iyalai da marasa lafiya su ji shi ne, haƙurin da muke yi da ciwon ido mai daɗewa sakaci ne da muka sanya wa riga mai kyau. In ma akwai hikima a maganar magabata, to ita ce kada a murza ido, kada a zuba masa duk abin da hannu ya kai gare shi. Mu kuwa mun juya ta: muna zuba masa komai, asibitin kaɗai muke haƙura da shi.

Suna ɗaya, cututtuka barkatai

Tushen ɓarnar shi ne kalmar “jan ido” da muke rufe cututtuka daban-daban da ita, alhali kowacce da sababinta da maganinta, kuma maganin wata dafi ne ga wata.

Akwai wanda ake kira Afolo, mai yaɗuwa kamar wutar daji a makarantu da kasuwanni. An fara ganinsa a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Amurka mai suna Apollo 11 ya sauka a duniyar wata, shi ya sa sunan ya bi shi. Ƙwayar bairos ce ke kawo shi, yakan warke da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma abin da yake buƙata tsafta ce da wanke ido da ruwa mai kyau. Shi ne ya ɓata mu: da yake mun sha ganinsa ya zo ya wuce, sai muka ɗauka duk jan ido haka yake.

Akwai ƙaiƙayin ido na yara, musamman maza, wanda ke tashi da zafin bazara ko ƙurar hunturu, farin idon ya koma ruwan ƙasa, yaro ya yi ta murza. Wannan ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, jikin yaron ne ke yin faɗa da ƙura da makamantanta. Yakan ɗauki shekaru yana zuwa yana komawa, yawanci ya lafa in yaro ya balaga.

Akwai gyambon baƙin ido, wanda ya fi kama manoma. Ƙaiƙayin gero wurin sussuka ko shiƙa, ko ganyen dawa, ko tsinke, ya karce gilashin da ke gaban ido, ƙwayar cuta ta samu ƙofa. Wannan ba ya jiran ranar kasuwa. Cikin 'yan kwanaki yana iya huda ido ya tsiyayar da shi.

Sai amosanin ido, ciwon goggota. Wata ƙwayar cuta ce mai suna Chlamydia trachomatis ke haddasa shi. Tana zaune a kwantsa da majinar ƙananan yara, tana yawo ta hannu, ta gefen zanen da uwa ke share fuskar wannan ta share ta wancan, ta shimfiɗar kwana, da ta wani irin ƙaramin ƙuda mai son sauka a ido, wanda ya fi son yin ƙwai a kashin mutum da aka bari a fili. Kamu ɗaya ba ya makantarwa. Maimaituwar kamu shekara da shekaru ita ke sa cikin fatar ido ta sama ya yi tabo, tabon ya takure, fatar ta lanƙwashe ciki, gashin ido ya koma yana goga baƙin ido a kowace ƙiftawa. Mutum yakan ƙifta ido sau dubbai a wuni. A lissafa wannan cikin shekara goma, za a gane inda hakiyar ta fito. Mata sun fi maza makancewa da shi nesa ba kusa ba, domin su ke goyo, su ke share kwantsa, su ke kwana da yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 1.9 ne a duniya wannan ciwo ya makantar ko ya raunana musu gani.

To, wane ne zai bambance waɗannan huɗu da kallo daga bayan kanta, a tsakiyar hayaniyar kasuwa, ba tare da ya juya fatar ido ya duba cikinta ba, ba tare da fitila ko madubin gwaji ba? Babu shi. Amma kullum ana yi.

Kwalbar da ke farar da ido

A nan zan yi magana da masu kyamis, kuma na san a cikinsu akwai mutanen kirki da ke tashi tsakar dare su ba maƙwabci maganin zazzaɓi bashi. A garuruwa irin namu su ne na farko da mara lafiya ke gani, wani lokaci su ne na ƙarshe. Wannan matsayi shi ya sa nauyin da ke kansu ya yi girma.

Akwai wani rukunin magungunan ɗigo da ake kira sitiroyid. A jikin kwalba za a ga an rubuta dexamethasone, ko betamethasone, ko prednisolone, sau da yawa haɗe da wani maganin kashe ƙwayoyin cuta. Aikinsu kwantar da kumburi da ja. Mutum ya ɗiga da dare, da safe ido ya yi fes, ƙaiƙayi ya tafi. Mai saye ya gode, ya gaya wa maƙwabta cewa wane ya san magani. Mai sayarwa ya samu suna da ciniki. Kowa ya yi murna, sai idon.

Ga abin da wannan magani ke yi in an daɗe ana ɗiga shi ba tare da kulawar likita ba. Yana iya tayar da hawan jinin ido, wanda ke cinye jijiyar gani a hankali, ba zafi ba ja, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa. Yara sun fi saurin faɗawa wannan, kuma su ne masu ƙaiƙayin da ake saya wa kwalba bayan kwalba. Yana kawo yanar ido tun kafin shekarun tsufa. In kuma akwai gyambo a baƙin ido, musamman irin na manomi da ganye ya karce, maganin yana kwance wa ido ɗamarar kare kansa, ciwon ya yi ta ci a ɓoye alhali jan yana raguwa. Mai ciwo na ganin sauƙi, ido na lalacewa. Ga mai amosanin ido kuwa, ba ɗigon da zai miƙar da fatar da ta riga ta lanƙwashe. Duk kwalbar da na sayo wa goggo jinkiri na sayo mata.

Likitocin ido suna amfani da waɗannan magunguna, kuma suna ceton idanu da su, amma bayan sun duba, da adadin kwanaki, suna auna ƙarfin ido a tsakani. Doka ma ta san haka. Lasisin da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya ke ba masu ƙananan kantunan magani bai ba su izinin sayar da irin waɗannan ba sai abin da ke cikin jerin da aka yarje musu. Ina roƙon duk mai kanti da ke karanta wannan: in aka zo maka da idon da ya wuce mako yana ja, ko mai ciwo, ko wanda ganinsa ya ragu, mafi alherin abin da za ka bayar shi ne kalmar “tafi asibiti yau”. Ribar kwalba guda ba ta kai idon ɗan maƙwabcinka ba. Mai saye kuma ya karanta jikin kwalba, ko ya ba ɗan makaranta ya karanta masa. In ya ga ɗaya daga sunayen nan uku kuma ba likitan ido ya rubuta ba, ya ajiye.

Abin da muke zubawa da hannunmu

Kafin a kai ga kyamis ma, sau da yawa an riga an yi wa idon ta'asa a gida. Wa bai taɓa jin an ce a ɗiga fitsari ba, ko ruwan sukari, ko nonon mai shayarwa, ko ruwan ganye, ko ruwan batir? Kowane ɗaya da wanda zai rantse ya yi masa aiki. Gaskiyar ita ce ciwon da ya warke bayan an ɗiga fitsari Afolo ne da zai warke ko ba a ɗiga komai ba. Waɗanda abin ya ɓata wa ido ba sa zama a majalisa su ba da labari, suna cikin ɗaki.

Fitsarin mai ciwon sanyi yana ɗauke da ƙwayar da ke iya huda ido cikin kwana biyu ko uku. Ruwan batir guba ne mai ƙona nama. Ruwan ganye da saiwa, ko da itacen ba mai dafi ba ne, yana shigo da ƙwayoyin da suka fi wuyar magani. Tozali ma, da muke ƙauna, yawancinsa daga dutsen da ke ɗauke da dalma ake niƙa shi, dalma kuwa tana cutar da ƙwaƙwalwar jarirai. Ga kuma tsinken tozali guda da ke zagaya idanun gida gaba ɗaya, daga mai kwantsa zuwa mai lafiya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda bai sami hanyar asibiti yau ba, ya wanke idon da ruwan da aka tafasa ya huce, ya bar shi haka, ya fi masa duk waɗannan.

Matsefata fa? Zan yi mata adalci. Cire gashi ɗaya ko biyu da ke sukar ido, da matsefata mai tsafta da hannu mai natsuwa, yana rage azaba kafin a isa wurin aiki, ma'aikatan lafiya ma sukan yi. Amma gashin yana sake tsirowa cikin 'yan makonni, wanda ya karye a tsakiya kuma ya fi na da kaifi. Matsefatar da ta shekara a wuyan tsohuwa shaida ce a kan 'ya'yanta.

Hujjojin da muke kafawa

Na san abin da za a ce, domin ni ma na faɗe shi. Za a ce babu kuɗi. Talauci gaskiya ne, kuma ba zan raina kuɗin mota daga Kajiji zuwa Sakkwato da dawowa, na mutum biyu, ga abinci, ga katin asibiti, wataƙila ga kwana. Amma a zauna a tara kuɗin kwalaben da aka saya cikin shekara uku, a haɗa da kwanakin da aka rasa a gona ko a kan keken ɗinki, a haɗa da yaron da za a cire daga makaranta ya zama ɗan jagora. Araha ba ta ado. Kuma aikin gyaran fatar ido na masu amosani, a ƙarƙashin shirin yaƙi da cutar da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato ke gudanarwa da tallafin ƙungiyar Sightsavers sama da shekara ashirin, kyauta ake yin sa. Mutane da yawa sun makance da kuɗin da ba a ma nema a hannunsu ba.

Za a ce lokacin aiki ne, a bari a gama shuka, a bari a gama girbi, a bari Sallah ta wuce. Amosanin ido yana iya jiran mako biyu. Gyambon baƙin ido ba ya jira. Manomin da ƙaiƙayi ya faɗa wa ido ranar sussuka, washegari ya tashi da zafi da hawaye da ƙin haske, ya sani yana zaɓe ne tsakanin buhu biyu na bana da noman sauran rayuwarsa.

Za a ce tsoron wuƙa. An ji labarin wane da aka yi wa aiki bai ƙara gani ba. A bincika da kyau, sau da yawa za a tarar ko dai an kai shi bayan idon ya riga ya mutu, ko kuwa ba a asibiti aka yi aikin ba, masu yawo gari gari suna tura yanar ido ciki da tsinke ne suka taɓa shi. Aikin fatar ido ba ya shiga cikin ƙwayar ido. Ana kashe wurin da allura, mutum yana farke, a gyara fatar ta juyo da gashin waje, a ɗinke, a rufe. Washegari a buɗe, bayan mako ɗaya zuwa biyu a koma a duba ɗinkin. Ƙwararrun ma'aikatan jinya da aka horar ke yin sa, ba sai babban likita ba. Gaskiya ne wani lokaci gashin yakan sake juyawa bayan aiki, shi ya sa komawa dubawa ke da muhimmanci, amma wannan ba hujjar zama da wuƙaƙe a cikin ido ba ce.

Akwai hujjar da ba a cika faɗa da baki ba, ita ce ta maigida. Tun da mata ciwon ya fi kamawa, kuma mace ba ta fita sai da izini da kuɗin mota, idanun mata da yawa a hannun mazajensu suke. Malam, in babur ɗinka ya fara wani ƙara, ba ka kwana ba ka kai shi wurin makanike ba. In sanka ya ƙi cin abinci, ka nemo malamin dabbobi kafin azahar. Matar da ke dafa maka tuwo cikin hayaƙi tana hawaye shekara biyar fa? Ranar da ta kasa bambance tsakuwa da shinkafa, gidan gaba ɗaya ne ya makance.

Sai a ce ƙaddara ce. Babu mai musun ƙaddara. Amma ba mu taɓa barin gona ba shuka muka ce in an ƙaddara za ta yi gero ba. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma kashi 84 cikin ɗari na wannan makanta irin wadda ake iya karewa ce ko a warkar. Wato a cikin makafi goma, takwas ba dole ne su makance ba. Kada mu jingina wa Ubangiji abin da muka yi da hannunmu.

Rabon hukuma

Duk wannan ba ya wanke gwamnati. A 1998 Babban Taron Lafiya na Duniya ya yanke shawarar kawar da makantar amosanin ido, aka sa 2020 a matsayin wa'adi, aka gina yaƙin a kan matakai huɗu: aiki ga waɗanda gashin idonsu ya juya, rabon maganin azithromycin ga al'umma gaba ɗaya, wanke fuskar yara, da gyaran muhalli ta samar da ruwa da masai. Kamfanin Pfizer ke ba da maganin kyauta. Wa'adin 2020 ya wuce ba a gama ba, aka ɗaga zuwa 2030. Amma wasu sun gama. Ghana ta samu shaidar kawar da cutar a 2018, Gambiya a 2021, Togo a 2022, Binin da Mali a 2023. Mali tana da ƙura da zafi da ƙarancin ruwa irin namu, har da rashin tsaro. Binin kuwa iyaka ɗaya muke da ita ta Jihar Kebbi. Ba za mu ce yanayinmu ne ya hana ba.

An yi ƙoƙari a Sakkwato, kuma cutar ta ragu ƙwarai a tsakanin yara in aka kwatanta da zamanin da goggota ke goyo. Sai dai matakai biyu na farko su ne masu sauƙi, domin baƙi ke kawo kuɗinsu. Na uku da na huɗu namu ne, kuma su ne masu hana cutar dawowa. Ba a cewa uwa ta wanke fuskar yara shida safe da yamma alhali jarkar ruwa saye ake yi. Ba a korar ƙuda daga unguwar da babu masai. Rijiyar burtsatse da ke aiki da makewayi a makarantar firamare da ta allo maganin ido ne, ko da ba a rubuta haka a jikinsu ba. Haka kuma ya kamata kowace ƙaramar hukuma, daga cikin 23 da jihar ke da su, ta kasance da ma'aikacin ido na dindindin da mutane suka san ranarsa da ɗakinsa, ba sai an jira ayarin da ke zuwa da lasifika sau ɗaya a shekara ba. Wannan abu ne da ya cancanci a tambayi kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa a kansa, a fili, kafin zaɓe da bayansa. Tsofaffin da cutar ta yi wa tabo tun suna yara suna nan a ɗakuna, kuma raguwar cutar a yara ba ta miƙar musu da fatar ido ba. Sai an bi su gida gida.

Kafin a isa, da bayan an dawo

Ga alamomin da ba a kwana da su: ciwo mai tsanani a cikin ido, kasa kallon haske, raguwar gani, farin ɗigo a kan baƙin ido, rauni ko faɗawar wani abu, da jaririn da bai kai wata ba idonsa ya kumbura yana fitar da mugunya. Haka yaron da ƙyanda ta kama ya ƙi buɗe ido, yana buƙatar bitamin A a asibiti nan take. Ban da waɗannan, duk jan ido ko kwantsar da ta wuce mako guda, da duk gashin da ke taɓa ido, na ma'aikacin lafiya ne. A fara da asibiti mafi kusa, a nemi a tura mutum gaba in abin ya fi ƙarfinsu. A Sakkwato akwai sashen ido a Asibitin Ƙwararru da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ga mai buƙatar fiye da haka akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. A tafi da duk kwalaben da aka yi amfani da su, a faɗi gaskiyar abin da aka zuba, ko fitsari ne. Kunyar minti ɗaya ta fi makantar shekaru.

In an ba da magani, a gama shi. Man tetracycline na amosanin ido sau biyu a rana ake sa shi har mako shida, ba kwana huɗun da ido ya yi fari ba. A wanke hannu kafin a sa da bayan an sa, kada bakin kwalba ya taɓa ido, kada mutum biyu su yi tarayya a kwalba guda, kuma wadda ta yi mako huɗu a buɗe a jefar da ita. Mai ciwo ya ware tawul ɗinsa da matashinsa. A wanke fuskar yara da ruwa da sabulu, kowa da nasa ruwan, a bar iska ta busar maimakon gefen zane.

Wanda dole ya ci gaba da neman abinci yana jinya ya kare idon. Ɗan kabu-kabu ya sa tabarau saboda ƙura da ƙwari, in kuma ganinsa ya dushe ko ya sa man da ke rufe gani, ya ajiye babur, domin ransa da na fasinja ke kai. Mai walda kada ya kunna wuta sai da gilashinsa na aiki. Mai sussuka da mai shiƙa su juya wa iska baya. Tela da mai ɗinkin hula su yi aiki da hasken rana, su riƙa hutar da ido. Mai girki ta fitar da murhu inda hayaƙi ke samun hanya, ko wata ta karɓe ta na 'yan kwanaki. Yaro mai ƙaiƙayi a ɗora masa tsumma mai tsafta da ruwan sanyi, a hana shi murza, a nemi likita ya rubuta irin ɗigon da ba shi da haɗarin sitiroyid, domin akwai su.

Da na je Kajiji a Sallar da ta wuce, na tarar da goggo zaune a bakin ƙofar nan da take zama, wuyanta babu zare. Na tambaye ta ina matsefatar, ta ce ta ba wata maƙwabciyarta da gashin ido ya fara suka. Na ce, “Goggo, maimakon matsefata, da kin ba ta labarin Sakkwato.” Ta yi shiru, can ta ce in je in yi magana da mijin matar, don ita ba zai saurare ta ba. Na je. Mako biyu bayan haka aka kai ta, da idanunta biyu.

A kowane gida da wannan rubutu zai shiga, akwai yiwuwar a sami tsohuwa mai matsefata, ko yaro mai jan ido da kwalba a aljihun uwarsa. A duba su yau da hasken rana, a karanta jikin kwalbar, a tsayar da ranar tafiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kare mana ganinmu.